LAFIYA UWAR JIKI: Ba kowace shawara ce ke jin rawaya ba

A ƙasar Dungas da Magarya, idan idon mutum ya koma ruwan ɗorawa, ba a daɗewa wajen neman sunan ciwon. Kowa zai ce shawara ce. Maganinta ma ba ɓoyayye ba ne: a haƙo saiwar rawaya, a daka, a jiƙa, majinyaci ya riƙa sha safe da yamma, a hana shi mai, a sa shi ya kwanta ya huta. Daga nan sai tsofaffin gida su ƙara da gargaɗin da aka gada tun kaka da kakanni, cewa kada a kuskura a kai shi likita, domin allura ba ta shiri da shawara. Sau da yawa bayan mako biyu ko uku sai ido ya washe, mutum ya miƙe ya koma gonarsa, a yi wa rawaya godiya.

Filin na wannan mako ya tsaya ne a kan wata shawarar dabam, wadda ko an ƙarar da rawayar daji duka ba za ta gusa ba, domin tushenta toshewar hanya ce a cikin ciki. Irin wannan ba a gane ta da duban ido, ba a gane ta da taɓa ciki. Sai an ɗauki hoton cikin mutum. Kuma a cikin abubuwan da ke toshe hanyar akwai wanda jinkiri ke mayar da shi ajali, wato sankarar magudanan maɗaciya.

Yadda hanyar take

Duk wanda ya taɓa feɗe akuya ya san maɗaciya, ƴar jakar nan koriya da ke manne a jikin hanta, wadda mahauci ke cirewa a hankali don kada ta fashe ta ɓata nama. Ruwan ɗacin da ke cikinta hanta ce ke yin sa, tsakanin rabin lita da lita guda kowace rana a jikin babban mutum. Maɗaciya rumbun ajiya ce kawai. Ruwan yana tasowa ta ƙananan magudanai masu yawan gaske da ke cikin hanta, su haɗu su zama manya biyu, na dama da na hagu, waɗannan kuma su haɗu a ƙofar hanta su zama babbar magudana guda, wadda ke gangarawa ta zuba cikin hanji. A can ruwan ke taimakawa wajen narkar da maiƙon abinci, shi ne kuma ke ba bayan gida launinsa.

Masu noman rake da kayan lambu a kwarin Korama sun fi kowa sanin abin da ke biyo baya idan hanyar ruwa ta toshe: ruwa ya taru a baya, fangalin da ke gaba ya bushe. Haka yake a jiki. Idan babbar magudana ta rufe, ɗaci yakan koma cikin jini. Ido da fata su rine, fitsari ya yi ja kamar shayi, bayan gida ya yi fari-fari kamar farar ƙasa, ga ƙaiƙayi mai hana barci wanda susa ba ta kashe shi. Waɗannan alamomi, idan suka haɗu a jikin babban mutum, musamman in yana ramewa, su ne ke nuna cewa al'amarin ya wuce na jiƙo.

Shawarar da aka saba gani tana warkewa da kanta, galibi ta ƙwayoyin ciwon hanta ce masu shiga ta gurɓataccen ruwa da abinci, irin wadda ta ɓarke a jihar Diffa a shekarar 2017, ko kuma ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wanda shi kam yana bukatar maganin likita cikin gaggawa. Ita kuwa ta toshewa, dalilanta su ne tsakuwa da ta fito daga maɗaciya ta maƙale a hanya, ko tabon tsohon kumburi da ya ƙuntata magudana, ko tsutsar ciki da ta hauro daga hanji, ko ƙari da ya tsiro a jikin magudanar ko a kusa da ita. A waje duk kamarsu ɗaya. A ciki kuwa, wata aikin fiɗa na yini guda ne, wata kuma tseren rai ne da lokaci.

Inda bango ya tsage

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sankarar magudanan maɗaciya ta fi samun ƙofa a inda magudanar ta shekara da shekaru tana kumburi. Likitocin duniya sun tantance irin waɗannan tsofaffin cututtuka.

Na farko shi ne wani ciwo da ke sa magudanan su yi ta kumbura suna tabo har su ƙanƙance, wanda ake kira da faransanci cholangite sclérosante primitive. An fi samun sa a ƙasashen arewacin Turai irin su Norwe da Suwidin, kuma mafi yawan masu shi suna fama da wani daɗaɗɗen gyambon babban hanji. A cikin mutum 100 masu wannan ciwo, kimanin 1 ne ke kamuwa da sankarar kowace shekara, kuma a tsawon rayuwa adadin kan kai 10 zuwa 20. Babban rabo daga cikinsu ana gano sankarar ne a shekarar farko bayan an gane ciwon.

Na biyu wata tsutsar hanta ce da ke shiga jikin mutum ta cin ɗanyen kifin ruwan daɗi. A arewa maso gabashin ƙasar Tailan, yankin Khon Kaen, inda ɗanyen kifi abincin gargajiya ne, a nan wannan sankara ta fi yawa a duk duniya. Tun shekarar 1994 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sa wannan tsutsa cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara. Ita dabam take da tsutsar da mahauta ke tararwa a hantar shanun da suka yi kiwo a fadama.

Sauran su ne tsakuwar da ke zaune cikin magudanan hanta shekaru da yawa, da kumburarriyar magudana da ake haihuwar wasu yara da ita, da kuma tsohon ciwon hanta nau'in B da C wanda ya kai hanta ga ƙandarewa. A nan ne zancen ya shigo gida. Ƙasar Nijar tana cikin ƙasashen da ciwon hanta nau'in B ya yi katutu, kuma sai a shekarar 2008 aka shigar da rigakafinsa cikin allurar jarirai. Ke nan magidantan yau, maza da mata, sun girma ba tare da wannan garkuwa ba. Haka kuma masu amosanin jini, wato sikila, sukan tara tsakuwa a maɗaciya tun suna matasa, saboda yawan fashewar ƙwayoyin jininsu.

Gani ya kori ji

Na'urorin da ke leƙa cikin mutum iri-iri ne, kowace da abin da take gani da abin da ke ɓace mata.

Hoton radiyo na ƙashi da ƙirji, wanda Bajamushe Röntgen ya gano haskensa a 1895, bai da wani amfani mai yawa a nan. Magudanan nama ne mai taushi, ba sa fitowa a cikinsa. Wanda aka yi wa radiyo aka ce ba a ga kome ba, kada ya ɗauka an wanke shi.

Matakin farko na gaskiya shi ne ekogarafi, na'urar nan da mata masu ciki suka sani, wadda ake shafa wa ciki wani ruwa mai yauƙi a goga. Da sauti take aiki, irin wanda kunne ba ya ji, ba ta da zafi, ba ta da lahani, kuma cikin ƴan mintoci ake gamawa. Likitan da ya fara yaɗa amfani da ita, Ian Donald na birnin Gilasgo, ya bayyana aikinsa a 1958. Ana so mutum ya zo bai ci kome ba na kimanin awa 6, don maɗaciya ta cika ta fito sarai. Faɗin babbar magudana a jikin mai lafiya bai cika wuce milimita 6 ko 7 ba. Idan lokotoro ya ga ta buɗe fiye da haka, ƙananan da ke cikin hanta su ma sun kumbura, ya san akwai toshewa a gaba. Yana kuma ganin tsakuwar maɗaciya da ƙarin da ya yi girma a cikin hanta. Rauninta shi ne, ta fi ganin ruwan da ya taru a kan abin da ya tare shi. Iskar hanji takan rufe mata ƙarshen hanya, kuma ƙwarewar mai riƙe da ita na da babban tasiri.

Mataki na biyu shi ne sikana, wadda aka fara gwada ta a kan majinyaci a birnin Landan a 1971. Ita tana yanka hoton jiki fala-fala kamar yadda ake yanka kabewa, bayan an ɗura wa mutum wani ruwa ta jijiya. Tana nuna girman ƙari, da ko ya kama manyan jijiyoyin jini na hanta, da ko ya bazu zuwa wasu sassa. Da ita mai fiɗa ke yanke hukuncin ko aiki zai yiwu.

Mataki na uku shi ne na'urar maganaɗisu da ake kira IRM. Tun 1991 masana a Jamus suka nuna yadda za a sa ta zana magudanan maɗaciya gaba ɗaya, kamar itace da rassansa, ba tare da an soka wa mutum kome a ciki ba. Ga masu tsohon ciwon magudanai, ita ce ta fi kowace gani. Mutum yakan kwanta cikinta wajen rabin awa, ga ƙara mai yawa, kuma dole ya faɗa wa ma'aikata in akwai wani ƙarfe a jikinsa.

Na ƙarshe shi ne zura bututu mai fitila ta baki, ya ratsa tumbi ya kai bakin magudanar, dabarar da aka fara a 1968. Da shi ake ciro tsakuwa, a kankaro ƴan ƙwayoyin nama don a auna, ko a saka ɗan bututu da zai buɗe hanya ɗaci ya wuce. Yana da haɗarinsa, shi ya sa ba a yin sa don kallo kawai. Kuma kankaron da ake yi yakan kuskure sankarar a wajen rabin waɗanda ke da ita.

Akwai kuma awon jini da ake kira CA 19-9. Mataimaki ne kawai. Yakan hau saboda toshewa ko ruɓar hanya ba tare da sankara ba, wasu mutane kuma jikinsu ba ya yin wannan abu sam, ko da sankarar na nan.

Wahalar da ke cikin neman

Dalilin da ya sa wannan sankara ta gagari ido shi ne yadda take tsiro. Sau da yawa ba ta yin dunƙule. Takan bi bangon magudana tana yaɗo kamar yadda gara ke bin azara ta ciki. Likitan Amurka Gerald Klatskin ya bayyana irin wadda ke zama daidai mahaɗar magudanan biyu a 1965, kuma har yau da sunansa ake kiran ta. A jikin wanda magudanansa suka riga suka cika da tabo, rarrabe tsohon tabo da sabuwar sankara aiki ne mai wuya ko ga gwani. Tabon ma yakan hana magudana buɗewa, har alamar da ekogarafi ke dogara da ita ta ƙi bayyana.

Saboda haka ƙungiyoyin likitocin hanta na Turai da Amurka, a ƙa'idojin da suka fitar a 2022, suka ba da shawarar a riƙa yi wa manya masu wancan ciwo na ƙanƙancewar magudanai hoto sau ɗaya kowace shekara, ko da ba sa jin kome. Abin da ake nema shi ne sauyi: wurin da bara yake a buɗe bana ya tsuke, ko bango da ya ƙara kauri. Wannan ya sa tsohon hoto ke da daraja kamar sabo.

Ko wannan bibiya tana ceton rai? Masana ba su gama daidaitawa ba. Wani bincike na asibitin Mayo da ke Amurka, wanda aka buga a 2018, ya nuna cewa cikin waɗanda sankara ta kama, masu zuwa hoto a kai a kai kashi 68 cikin 100 sun kai shekara 5 ba ta kashe su ba, waɗanda ba sa zuwa kuwa kashi 20 kacal. Amma wani binciken na ƙasar Suwidin, da aka buga a 2023, ya bi majinyata 512 da hoton IRM na shekara-shekara, ya tarar cewa sankarar da aka gano ba a gano ta da wurin da zai ba da doguwar rayuwa ba. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne, fiɗa ce kaɗai ke iya raba mutum da wannan ciwo, kuma a lokacin da ake gano shi, mutum 1 cikin 3 ko ƙasa da haka ne aikin ke yiwuwa a kansa. Sauran sun zo a makare.

Tsakanin Dungas da na'ura

A ɗauki misalin magidanci a wani ƙauye na Dogo-Dogo ko Malawa, mai shekara hamsin, wanda idonsa ya rine ana tsakiyar girbi. Makon farko na rawaya ne. Na biyu na wani mai magani ne da aka yi masa kwatance a kasuwa. Na uku da na huɗu na rubutun sha ne da jiran a gama ɗaure gero. Sai ƙaiƙayi ya hana gida barci, wando ya fara zamewa daga ƙugu, sannan a nemi amalanke zuwa likitar gari. Daga can a tura shi Magarya ko Damagaram, tafiyar da ke cin kuɗin mota na mutum biyu, da abinci, da masauki, kafin a zo ga kuɗin hoto da awon jini. Idan aka ce sai Yamai, inda babban asibitin da aka buɗe a 2016 da cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa suke, to daga Damagaram kusan kilomita 900 ne. Shi ya sa da yawa daga mutanen wannan yanki kan fuskanci kudu, su ƙetare iyaka ta Maigatari ko Ɓaɓura zuwa asibitin koyarwa na Aminu Kano, domin Kano ta fi musu Yamai kusa nesa ba kusa ba. Kowace hanya aka bi, sai an taɓa rumbu ko an kama ɗan sa an kai kasuwa. Kulawar kyauta da gwamnati ta kafa a 2006 ta yara ce ƴan ƙasa da shekara 5, ba ta haɗa da wannan magidanci ba.

Babu mai cewa a kafa IRM a Dungas gobe. Amma abin da mutanen Tailan suka yi abin dubawa ne. Tun 2013 jami'ar Khon Kaen ta shiga kai ekogarafi garuruwa da ƙauyuka, tana duba hantar manoma ƴan shekara 40 zuwa sama, tana horar da likitocin karkara, hotunan da suka yi wuyar fahimta kuma a aika wa ƙwararru ta intanet. Sun fara ne da na'ura mafi araha, suka bar masu tsada ga waɗanda aka ga alama a jikinsu. A wannan yanki ba a san sankarar magudanai da yawan da za a ce a tara kowa a duba ba. Amma na'urar da ke duba mai ciki ita ce dai ke duba hanta da maɗaciya, kuma ita ce ake so mai tsohon ciwon hanta nau'in B wanda hantarsa ta ƙandare ya riƙa zuwa gabanta kowane wata 6, don tsoron sankarar hanta kanta, wadda ta fi wannan yawa a Afirka ta Yamma. Na'ura ɗaya, hannu ɗaya da aka horar, sun isa su rarrabe wa iyali ko ciwon na kwanciya a gida ne ko na kama hanya yau.

Abin da ya rage ga kowa

Ga iyalai, ƙa'idar gajera ce. Babban mutum da shawararsa ta wuce mako biyu, ko ta zo da farin bayan gida da ƙaiƙayi da rama, a kai shi a yi masa ekogarafi. Idan kuwa ta haɗu da zazzaɓi mai kaɗa jiki da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, to hanyar ce ta ruɓe, kuma wannan ba ya jiran wayewar gari. Wanda aka taɓa gaya masa yana da tsakuwa, ko tsohon ciwon hanta, ko ƙuntatar magudana, ya riƙe ranar komawarsa, ya adana hotunansa da takardunsa cikin leda inda gara da ruwan sama ba za su kai ba, ya tafi da su duk inda za shi.

Batun allura kuwa, ya kamata a sake duba shi. Gaskiya ne hanta mai ciwo ba ta ɗaukar kowane magani, kuma allurar ɗan kasuwa da bai san abin da ke cikin kwalba ba tana iya yin kisa. Wataƙila daga nan tsoron ya samo asali. Amma mai toshewar magudana jininsa yakan ƙi daskarewa, domin jiki ba ya iya tsotsar bitamin K idan ɗaci bai sauka hanji ba, kuma allurar wannan bitamin ce ke gyara shi kafin fiɗa. Wanda hanyarsa ta ruɓe ma, maganin da ake ɗurawa ta jijiya ne ke fitar da shi. Hoton ekogarafi kuwa ko tsinke babu a cikinsa.

Masu maganin gargajiya su ne ƙofar farko da majinyaci ke ƙwanƙwasawa, don haka nauyi na wuyansu. Wanda ya ba da jiƙo kwana goma ido bai washe ba, ya ce wa dangi su wuce gaba, wannan ya cika amanar sana'arsa.

Ga hukumomin kiwon lafiya na jihar Damagaram da sarakunan yankin, bukatar a fili take: ekogarafi mai aiki a kowane asibitin gunduma, da wutar da za ta riƙe ta, da ma'aikacin da aka koya wa duban hanta, da hanyar aika hoto ga ƙwararrun babban asibitin Damagaram kafin a ɗora wa talaka tafiya. Ko inda sankara ta wuce fiɗa, sanin gaskiya yana da amfani: ɗan bututun da ke buɗe hanya yakan kashe ƙaiƙayi ya maido da cin abinci, iyali kuma su daina zubar da dukiya wajen masu alkawarin ƙarya. Rashin sani ya fi dare duhu.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, na gida da na asibiti. Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, filin zai duba ciwon hanta nau'in B da yadda uwa ke kare jaririnta daga gare shi.